Ƙishirwar Malam Garba

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan bi ta har ƙasar Sudan in ɗauko ta in haɗiye. Ba zagi ba ce, ba ƙazafi ba ce. Wasa ne irin wanda muka gada kaka da kakanni. Na faɗe ta, mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Amma ta ci ƙafar mutum, ta ci karatunsa, ni kuwa na dawo gida da takardar shaida ana ce mini Ustazu.

Sunana Sada. Yau na tsufa, ba ni da aiki sai zaman zaure a gidanmu da ke bayan hasumiyar Gobarau. Ina ganin yaranmu suna ta fita karatu, wannan Masar, wancan Indiya, wani ma ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba. Kowa ya zo sallama sai in sa masa albarka in yi shiru. Na ga shirun ya isa haka.

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Na yi allo, na yi 'yan littattafai a zaure, na gama firamare, aka ɗauke ni ina koyar da Larabci a wata makaranta a Batagarawa. Ina da mata da 'ya'ya lokacin da aka samo mini gurbi a wata kwalejin horon malamai a Umdurman. Ba mu da halin jirgin sama, saboda haka ta ƙasa na bi, hanyar da alhazan da suke bi.

Maiduguri

A tashar Maiduguri na fara ganinsa. Mutum ne kakkaura, baƙi, mai faɗin fuska, yana zaune a kan jakarsa ya rungume wata jarkar ruwa kamar za a ƙwace masa. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Malam, ina aka nufa?"

Na ce, "Sudan, in Allah ya yarda. Karatu."

Da na faɗi sunan makarantar sai ya tashi tsaye, ashe can shi ma za shi. Ya ce sunansa Garba. Ya tambaye ni garinmu, na ce Katsina.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga hannu. "Alhamdu lillahi. Tun daga gida nake tunanin wa zai ɗaukar mini kaya, ashe Allah ya tanadar mini bawa a hanya. Ni Bahaɗeje ne. Ɗauki jakar nan, Bakatsine."

Na ce, "Ka ji ɗan kifi. Wa ya fito da kai daga ruwa? Ka yi a hankali kar ka bushe kafin mu kai."

Ya yi dariya har jarkar ta faɗi.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Haɗejawa. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Za ka faɗa masa maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, shi kuma ya rama, ba mai fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi, kuma ya jawo wa garinsu abin faɗa. A gida wannan abu daɗi ne da shi. A baƙon wuri kuwa ji na yi kamar na tsinci ɗan'uwa. Tun daga ranar ban ƙara kiransa Garba ba, shi ma bai kira ni Sada ba.

Hanyar Abeshe

A Injamena wani ɗan kamasho ya rantse mana da Allah ya samo mana gaban mota. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya ce mu jira shi a ƙarƙashin wata bishiya. Har yau muna jiransa. A ƙarshe bisa buhunan gero muka hau, a bayan wata tsohuwar babbar mota, mu da 'yan kasuwa da awaki.

A nan na fara lura da shan ruwan Garba. Kafin rana ta take ya shanye jarkarsa. Ya shanye rabin tawa. Ya roƙi na wani Bashuwa da ke kusa da mu. Kuma ba a jimawa sai ya bubbuga kan motar a tsaya masa zai kama ruwa. Direba ya yi ta zaginsa da Larabcinsu, yaran mota suna taya shi.

Wani tsohon ɗan kasuwa mai jin Hausa ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malam, abokinka ne?"

Na ce, "Bawana ne."

Ya ce, "Wannan ƙishirwa tasa ba ta rana ba ce. Duk rana ɗaya ke dukanmu."

Na ɗaga murya yadda Garba zai ji. "Baba, ai kifi ne. A garinsu cikin ruwa ake haihuwarsu, cikin ruwa ake yi musu suna."

Garba ya ce, "Ƙyale shi, Baba. Su a Katsina in suka ga ruwa cikin kwano sai su tara mutane kallo."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya gyara rawaninsa ya juya mana baya.

Wani wuri da muka tsaya sallar la'asar, na bi ta inda Garba ya tsuguna, na ga tururuwa sun yi baƙi a wurin. Sauran wuraren da mutane suka tsuguna babu ko ɗaya. Na tsaya ina kallo. Sai na koma na ce masa har tururuwan Cadi sun ji ƙarnin kifi.

Niyala

Muka tsallaka iyaka, muka isa Niyala, aka ce jirgin ƙasa sai an jira. Ba mai gaya maka ranar zuwansa. Muna yawo bakin tasha muna neman abinci da Larabcin littafi, ba mai gane mu, sai muka ji wata tsohuwa mai sayar da abinci ta ce, "Ku 'yan ƙasa ne?"

Hausarta wata iri ce, tsohuwa, kamar ta kakata. Ta ce iyayenta sun taso daga ƙasar Katsina da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a nan, a nan aka haife ta, a nan ta binne su. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta kai mu gidanta, ta ba mu rumfa, ta yi mana tuwo da miyar kuka. Da na kai loma baki sai na tuna tsakar gidanmu da matata tana kwashe tuwo, hawaye suka zo mini. Garba ya gani ya kawar da kai, bai yi mini wasa da wannan ba. Na sha tuna haka daga baya.

Tsohuwar ta tambaye ni, "Ɗana, hasumiyar nan da babana yake ba mu labari, tana nan tsaye?"

Na ce, "Tana nan, Iya. Daga ƙofar gidanmu ana ganinta."

Ta ce, "To, madalla," ta share ido da gefen mayafi.

A garin ne Garba ya taka wani tsinin ƙarfe a bakin layin dogo. Ciwo ne ƙarami a tafin ƙafa, bai kai a yi magana ba. Abin mamaki, bai ma ji ba, ni na ga jini a takalminsa. Iya ta wanke masa da ruwan gishiri ta ɗaure. Tana ɗaurewa tana kallon yadda yake ɗaga moɗa yana sauke ta babu komai.

Ranar da jirgi ya zo ta ja ni gefe. "Ɗana, in kun isa birni ka kai ɗan'uwanka asibiti. Haka maigidana ya fara."

Na ce, "Iya, ba ɗan'uwana ba ne, bawana ne."

Ta ce, "Na san wasan nan, babana yana yi. Bawa ma in ya kwanta ana nema masa magani."

Na ce to. A cikin jirgi na manta, ko in ce na ajiye maganar inda ba zan riƙa ganinta ba.

Umdurman

Kwalejin tana bayan gari, gini ne ja mai dogayen baranda, da randunan ruwa jere a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Ɗalibai daga ƙasashe da yawa, wasu farare, wasu baƙaƙe, wasu ba ka san daga inda suka fito ba. Aka ba mu ɗaki ɗaya ni da Garba. Ranar da aka karɓe mu wani ma'aikaci ya duba idanunmu da harshenmu, sannan ya karanta mana dokoki. Ɗaya daga ciki ita ce duk ɗalibin da aka samu da ciwo mai daɗewa za a mayar da shi ƙasarsu. Na ga Garba ya janye ƙafarsa ƙarƙashin kujera.

A nan na san ban iya komai ba. A Batagarawa ni ne malamin Larabci, in na yi magana ba mai gyara mini. A Umdurman in malami ya yi bayani sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ranar farko da aka ce in tashi in karanta, aji ya fashe da dariya. Na zauna gumi yana bin bayana, mutum mai iyali, yara ƙanana suna yi mini dariya.

Garba kuwa kamar don shi aka gina makarantar. Nahawu a bakinsa kamar ruwa. Malamai suka san sunansa tun makon farko. Shi ya ɗauke ni. Kullum bayan la'asar mu zauna kusa da randunan nan, ya maimaita mini darasin ranar da Hausa, yana yi yana shan ruwa.

"Mi ya hwaru, Bakatsine?" haka yake kwaikwayon maganarmu in na kakare. "Kan naka dutse ne? Sake. Ba zan koma Haɗeja a ce bawana jahili ne ba."

Da hannunsa na fara gane karatu. Wannan ba na ɓoye shi.

Amma mutum yana son a san da shi. Tunda ban yi suna da karatu ba, sai na yi suna da ban dariya, kuma abin dariyata Garba ne. Na bayyana wa ɗalibai wasan da ke tsakaninmu, abin ya ba su sha'awa, ba su taɓa jin irinsa ba. A ɗakin cin abinci sai a kewaye mu ana jira in fara. Ba a daɗe ba suka sa masa suna Kifi da Larabci. Yaran da ba su kai ƙaninsa ba su wuce su ce, "Kifi, ga randa can." A nan na yi kuskuren da ban gane ba sai daga baya. Wasan namu ne mu biyu, ni in faɗa ya rama. Su ba abokan wasansa ba ne, ba shi da bakin rama musu. Ni na buɗe musu ƙofa. Sai dai ya yi murmushi ya wuce yana ɗingishi.

Domin ƙafar ba ta warke ba. Wata ya bi wata, tana nan. Ya daina sa takalmi rufaffe. Rigunan da ya zo da su cike da jiki suka koma kamar na aro, wuyansa ya fito, ga shi kuwa yana cin abinci fiye da kowa. Ɗakinmu ya fara wani irin wari, sai ya riƙa kunna turaren wuta kafin in shigo.

Wata rana bayan azahar muna ɗaki mu biyu, yana zaune bakin gado ya kwance tsumman ƙafar, sai ya ce, "Sada."

Na waiga, don tun Maiduguri ban ji sunana a bakinsa ba.

Ya ce, "Ajiye wasa. Ƙafar nan ba ta yi. Yatsun sun fara baƙi, idona ma yana hazo, sai na matso da littafi. Ina tsoron ɗakin maganin makaranta, ka san dokarsu. An ce akwai asibiti a ƙetaren kogi da ba ruwansu da makaranta. Ba zan iya turmutsitsin mota ni kaɗai ba. Ka raka ni ranar Alhamis."

Na buɗe baki zan ce to. Allah ya sani na buɗe baki zan ce to. Sai ga wasu ɗalibai biyu sun turo ƙofa, irin masu zuwa jin ban dariyata. Suka dube ni suna jira. Garba ya yi sauri ya rufe ƙafar.

Na ce, "Ku zo ku ji. Kifi yana roƙo a mayar da shi kogi."

Suka kwashe da dariya. Garba ya dube ni, ɗan kallo kaɗan, sannan shi ma ya yi dariya. Ya ce, "Tsoron gada yake yi. Bakatsine bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba." Dole ya rama. Haka wasan yake.

Alhamis ta zo ta wuce. Bai sake tambaya ba, ni kuma ban tuna masa ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa shigowar yaran nan ce ta ɓata abin. Ba gaskiya ba ne. Jarrabawar ƙarshen shekara tana matsowa. A can ƙasan zuciyata na san in likita ya ga ƙafar nan ba zai bar shi ya dawo aji ba, in kuwa ya tafi, wa zai zauna da ni bayan la'asar? Ban taɓa faɗin haka a fili ko ga kaina ba. Amma tunanin yana nan, kamar maciji a cikin rufin ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki malamin da ke kula da ɗakunan kwana ya tare ni a baranda. Mutum ne mai kirki, dogo, mai sanyin murya. Ya ce, "Ya Sada, abokin ɗakinka lafiya yake? Na ga ya rame. In akwai wani abu ka gaya mini, akwai motar makaranta."

Na ce, "Lafiya lau, Ustazu. Kewar gida ce. Mutanen garinsu ragwaye ne, ba su iya zafi ba."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ce, "Kai ka fi kusa da shi." Ya wuce. Na ce wa raina na rufa wa Garba asiri, na hana a kore shi.

Azumi

Azumin shekarar ya faɗo cikin tsananin bazara. Wanda bai yi bazara a Umdurman ba bai san zafi ba. Iskar kanta kamar daga bakin murhu take fitowa, ƙarfen gado ba ya taɓuwa da rana.

Ranar da ake sa ran ganin wata, muna cin abincin rana, mutane cike da tebur, Garba ya sunkuyo ya ce mini da Hausa a hankali, "Bana ina jin ba zan ɗauka ba. In Allah ya ba ni lafiya na rama."

Ni malami ne. Da bakina na koya wa yara a Batagarawa cewa Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Ba abin da ya fi sauƙi irin in ce masa, haka ne, kar ka ɗauka. Amma ido yana kanmu, ana jira a ji me Kifi ya ce. Na miƙe tsaye, na juya maganar da Larabcin da shi ya koya mini.

"Jama'a ku shaida, Bahaɗeje zai sha azumi da gemunsa. In na koma gida sai na tsaya tsakiyar Babbar Kasuwa na ba da labari, kowa ya ji yadda Haɗejawa suke."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Wannan ita ce maganar da na ce da zan iya da na haɗiye ta.

Garba ya ajiye gurasar da ke hannunsa. Ya yi murmushi, leɓensa duk ya tsage. Ya ce, "Bakatsine, ko wata uku za a yi, kai za ka fara faɗuwa."

Ya ɗauki azumi.

Kwanakin farko yana zuwa aji yana dafa bango. Ya daina magana sai dole. Bayan la'asar duk da haka sai ya ja jiki zuwa wurin randunan, ya zauna ya ba su baya, ya ce in buɗe littafi. Muryarsa ta koma kamar ana goga kara da kara. Ina jin wannan murya, ina kallon yadda idonsa ya faɗa, ina ci gaba da tambayarsa abin da ban gane ba. In an sha ruwa ya kafa kai a moɗa ba ya ɗagowa. Na ce a raina gobe zan ce masa ya ajiye. Gobe ta yi na ce gobe.

Ba a kai goma ga wata ba. Muna aji da hantsi, malami ya ce Garba ya tashi ya karanta. Ya tashi. Ya riƙe littafin a juye, yana kallonsa. Ya buɗe baki ba abin da ya fito. Sai ya tafi gaba ɗaya kamar an sare bishiya, kansa ya bugi tebur.

Motar makarantar nan da na ce ba a bukata, ita ta ɗauke shi. Muka haye gadar da ya roƙe ni in raka shi, yana kwance a cinyata bai san inda yake ba. Na ga kogin ta taga, faɗinsa ya fi yadda nake zato.

Likitan da ya karɓe shi ya kwance tsumman ƙafar, ma'aikaciyar da ke kusa ta kawar da fuska. Ya ce, "Wa ke zama da shi?"

Na ce ni ne.

"Tun yaushe yake shan ruwa haka?"

Na ce, "Tun a hanya. Tun kafin mu shigo ƙasar nan."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ciwon sukari ne, ya daɗe yana cinsa. Da an kawo shi watannin baya da magani da kiyaye abinci sun isa. Kana ganinsa haka ka bar shi ya yi azumi?"

Ban gaya masa cewa ba barinsa na yi ba, tura shi na yi.

Ya kwana biyu bai farfaɗo ba. Da ya farfaɗo suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Makaranta ta ce za a mayar da shi gida ta jirgin sama, amma sai da ɗan rakiya, kuma duk wanda ya tafi ya rasa jarrabawa, ya rasa shekarar. Aka tara mu 'yan Najeriya. Kowa ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Can sai wani mutumin Ilori, wanda ko gaisuwar kirki ba su cika yi da Garba ba, ya ce shi zai kai shi.

A filin jirgi, yana kan keken marasa lafiya, an rufe masa cinya da zane, ya kamo hannuna. Na ɗauka zai faɗi abin da ya kamata ya faɗa. Ya ce, "Bawa, ka ci jarrabawar nan. Kar ka ba ubangidanka kunya."

Na ci. Na ƙarasa shekarun da suka rage, ban ƙara ba kowa dariya ba. Na koyi nahawu, na koyi yadda ake tsara darasi, na koyi zama da mutanen da ba abincinmu ɗaya ba. Na dawo Katsina aka yi mini walima, aka ƙara mini girma a wurin aiki. Duk wanda na koya wa wani abu a rayuwata, daga bakin randunan nan ya samo asali.

Haɗeja

Ban je ba. Shekara ta bi shekara ina cewa bayan salla, bayan damina. Na aurar da 'ya'ya, na yi ritaya, ban je ba. Ana yi mana kirari da kunya, mu Katsinawa. Tawa kunyar ba ta amfani kowa ba.

Abin da ya tashe ni, ciwon ne ya zo kaina. Na fara jin wata ƙishirwa da ban taɓa sani ba, irin wadda za ka sha ruwa cikinka ya cika, harshenka yana nan kamar busasshiyar fata. Kafin likita ya faɗa na riga na sani. Ranar da na ji ta sosai na zauna a zaure na tuna mutumin da ya juya wa randa baya cikin bazarar Umdurman yana koya mini karatu. Washegari na shiga mota.

Ban sha wahalar samun gidan ba, kowa ya san Malam Garba mai nahawu. Na same shi a zaure, magidanta sun kewaye shi da littattafai, sandunansa jingine da bango. Ya tsufa, ya ƙanƙance. Idanun sun tafi gaba ɗaya.

Na yi sallama. Ya tsaya cak da karatun, ya karkato kunne.

"Sake sallamar nan."

Na sake.

Ya ce, "Jama'a, ku rufe littafi. Bawana da ya gudu ya dawo da kansa. Ku duba mini, ya yi ƙiba ko yunwar Katsina ta gama da shi?"

Aka yi dariya, aka ba ni wuri kusa da shi. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Iya ta Niyala ko na sake bi ta wurinta. Da ɗaliban suka watse muka rage mu biyu, na matsa har gwiwata tana taɓa inda ƙafarsa ta ƙare.

Na ce, "Garba, ajiye wasa. Na zo neman gafara ne."

Ya yi murmushi.

"In ajiye shi a ina, Bakatsine? Na taɓa neman wurin ajiye shi a Umdurman ban samu ba."

Na fara magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ce, "A kawo wa bawana ruwa, da yawa." Sannan ya rage murya. "Tun sallamarka na ji harshenka a bushe. Kai ma ta kama ka ko?"

Na ce ta kama ni.

Ya ce, "To, ka riƙa duba tafin ƙafarka kullum. In azumi ya zo ka bi abin da likita ya ce. Duk wanda ya yi maka dariya ka ce ubangidanka ne ya hana ka."

Na kwana biyu a gidansa. Sau uku ina ɗauko maganar, sau uku yana mayar da ita wasa. Ranar da zan tafi ya sa aka cika mini jaka da busasshen kifi, ya ce in kai wa Katsinawa su ga abin da mutane suke ci. Bayan damina aka aiko mini ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Har yau ban sani ba ko ya yafe mini. Wani lokaci in ce ruwan nan da ya sa aka kawo mini shi ne yafewar. Wani lokaci in ce ya bar ni ne in ɗanɗana yadda ake roƙon mutum da gaske ya amsa da dariya. Ba ni da wanda zan tambaya.

Ban ce a bar wasa ba, shi ya haɗa ni da mutumin da ya fi kowa amfanata. Amma ku da kuke fita karatu, za a haɗa ku ɗaki da wani, ku kaɗai za ku san abin da yake ci da abin da yake ɓoyewa. Iyayensa suna nesa, malamai ku za su tambaya. Ina roƙonku don Allah, ranar da ya kira ku da sunanku na gaskiya ya ce a ajiye wasa, ku ajiye, ko da gari guda ne ya tsaya a ƙofa yana jiran dariya. Kada ku yi abin da na yi.